Sauya Tsarin Hoto Ma Kwafi Ne: Jan Hankali ga Manazarta Ajami a Zamfara

A lokacin da nake tattara bayanai a Tsafe da Bunguɗu, wani magajin malami ya ba ni faifan CD mai ɗauke da hotunan waƙoƙin ajami na kakansa. An ɗauke su da na'urar sikana a wani shagon kwamfuta a Gusau shekaru da dama da suka wuce, aka adana su a tsarin BMP. Takardun asali gara ta cinye wasu, ruwa ya ɓata saura. Saboda nauyin fayilolin, wani ɗalibi ya mayar da su JPEG, ya rarraba ta WhatsApp. Da na gwada kwafin waya da na faifai, sai na tarar ɗigo da wasula masu yawa sun dushe.

Ra'ayina shi ne, sauya hoton rubutu daga wani tsari zuwa wani kwafi ne, daidai da aikin marubucin da ya zauna da alƙalami da tawada. Don haka ya cancanci irin taka-tsantsan da muke yi wa kwafin hannu.

Dalilin yana cikin yadda tsare-tsaren suke aiki. PCX da BMP, waɗanda suka yi tashe a kwamfutocin da, da TIFF wanda kamfanin Aldus ya fitar a 1986, da PNG na 1996, duk suna iya riƙe hoto ba tare da zubar da komai ba. GIF na 1987 launi 256 kawai yake ɗauka. Shi kuwa JPEG na 1992, yana rage nauyi ne ta hanyar watsar da abin da ido ba ya saurin lura da shi, kuma galibi ya fi tauye launi bisa haske. Duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa, wani abu yana ƙara salwanta. Mayar da JPEG zuwa TIFF daga baya ba ya dawo da abin da ya tafi.

Ga hoton biki wannan ba komai ba ne. Ga ajami kuwa, ma'ana tana rataye ne a kan waɗannan ƙananan alamomi. A rubutun Magaribi da muka gada, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. In ya ɓace, "fara" da "ƙara" sun rikice. Ɗigon imala ne ke raba "rena" da "rina". Sau da yawa kuma da jar tawada ake sa wasula, wato launin da matsewa ta fi cutarwa. Manazarcin da ya juya irin wannan kwafi zuwa boko zai iya gina sharhi a kan kalmar da mawaƙin bai faɗa ba.

Za a iya cewa fayil mai nauyi yana cin data, kuma kwafi mai rauni ya fi babu, musamman inda rashin tsaro ya hana mai bincike komawa ƙauye. Na yarda. Amma wannan hujja ce ta yin ƙaramin kwafi don rabawa, ba ta goge uwar fayil ba. Shirin Endangered Archives na Laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004, TIFF yake buƙata a matsayin kwafin ajiya saboda wannan dalili.

Abu uku nake ba da shawara. A bar fayil na asali yadda yake, ko da tsarinsa ya tsufa. A juya shi zuwa TIFF ko PNG, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Sannan a rubuta wanda ya juya, da ranar, da tsarin da aka baro, kamar yadda magabata ke sa sunansu bayan "tammat". Ya dace sassan nazarin Hausa, har da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, su nemi wannan bayani a kowane kundin da ya dogara da hoton rubutu.

Tarihi ya nuna yadda takardun malaman 'Yandoto, kusa da Tsafe, suka watse a yaƙin farkon ƙarni na 19. Abin da ya tsira a gidajen malamai amana ce a hannunmu, kuma wani lokaci tsohon faifai ne kaɗai shaidar da ta rage.