Duwatsun Jos A Cikin Fim: Ado Ne Ko Kuwa Labari?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu shirya finafinan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wasu na cewa ƙanƙara fara ce ko'ina, don haka babu ruwan ɗan kallo da ko a Alaska aka ɗauki hoton ko a duwatsun Suwizalan, muddin gwanin ya nuna gwanintarsa. Wasu kuwa na cewa dutsen da ba a san sunansa ba, ba a kuma ga mutanensa ba, bango ne kawai aka shafa wa farar ƙasa. To, ƙanƙara ba ta kwanta a Nijeriya, amma wannan gardama ta shafi birnin Jos kai tsaye, domin kuwa samun garin da ya kai shi ba masu fim aron duwatsunsa a ƙasar nan sai an tona.

Abin ba yau ya fara ba. Tun a shekarar 1926 wani Bature mai suna Geoffrey Barkas ya ɗauki fim ɗin Palaver a tsakanin Angasawa da Surawa, watau Ngas da Mwaghavul. Duwatsun sun fito da kyau, amma mutanen wurin an nuna su ne kamar yadda mulkin mallaka ya so a gan su. Bayan samun 'yancin kai, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya a 1979, hedkwatarta kuma tana Jos, tare da makarantar koyon aikin fim da ta biyo baya, ga kuma kwalejin telebijin ta NTA. Dalilan zaɓen garin ba ɓoyayyu ba ne. Yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, zafi ba ya gallabar ma'aikata da na'urori, kuma cikin tafiyar da ba ta da nisa mai ɗaukar hoto zai sami duwatsun Shere, da dutsen Riyom, da gangaren ruwan Assop.

Sai dai samun wuri mai kyau daban, sanin abin da za a yi da shi daban. Duk wanda ya kalli Cock Crow at Dawn, wasan telebijin da aka fara nunawa a 1980, wanda marigayi Sadiq Daba ya fito a cikinsa da sunan Bitrus, ya san cewa ƙasar Filato ba ado ba ce a wannan wasa. Labarin iyali ne da suka bar birni suka rungumi noma, saboda haka gona da damina da kunyoyi su ne ƙashin bayan zancen. In aka cire wurin, labarin ya rushe. Haka nan da Bruce Beresford ya zo ɗaukar Mister Johnson, wanda ya fito a 1990, ya je Toro ne, kusa da Jos, domin labarin gina hanya a cikin daji yana bukatar ƙura da rana na gaske, ba na ɗakin wasa ba.

A finafinan Hausa kuwa, sau da yawa al'amarin ya sha bamban. Labari na gudana a falon wani attajiri a Kano, sai kwatsam a ga saurayi da budurwa a kan dutse suna rera waƙa, an sauya tufafi sau uku, sa'an nan a komo falo kamar ba a je ko'ina ba. Wannan gado ne daga finafinan Indiya, inda su Yash Chopra suka riƙa kwasar 'yan wasa zuwa Suwizalan don waƙa kaɗai. Ba laifi ba ne ido ya huta da kallon kujeru da labule. Amma dutsen da aka yi wa haka bai fi labulen daraja ba. Ko a 2007, lokacin da hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da ɗaukar fim, masu sana'ar da dama suka koma Kaduna da Jos, yawancinsu mafaka suka nema, ba labari ba.

Alhali kuwa labaran na nan birjik. Ga tafkunan da haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru da Rayfield, waɗanda ake tsayawa a bakinsu ana rawa, ba tare da an tambayi wane ne ya haƙa su ba, ko kuwa ina jikokin leburorin da aka tilasta wa aikin a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ga unguwannin da rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 suka raba, har ya zamana mai shirya fim sai ya yi lissafin sunayen ma'aikatansa kafin ya zaɓi inda zai kafa kyamara. A gidan tarihi na Jos ma akwai kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, an gina su da ƙasa. Watau Jos na iya fitowa a matsayin Kano, tana iya fitowa a matsayin Zariya, ta ma sha fitowa a madadin Kashmir, amma ba kasafai ake barinta ta fito da sunanta ba.