Ranar da Keke Ke Jingine a Bango

A 2003 ne mahayan Tour d'Afrique suka fara taka keke daga Alƙahira zuwa Cape Town, tafiyar kimanin wata huɗu. Jama'a sun fi jinjina wa nisan da suke ci, alhali ranar hutu ce ke riƙe da tafiyar.

A ranar ce matafiyi ke wanke kaca, ya yi wa taya faci, ya bar cinyoyinsa su huce. Sai ya zauna wurin mai shayi, ya tuna ƙauyukan da ya ratsa a guje ba ko sallama.

Hatta Tour de France, mai zango 21, takan ware kwana biyu na hutu, kuma ko a ranakun 'yan tseren kan ɗan taka keke don kada ƙafa ta sandare.