Gidan hutu a bakin dam: Kafin a biya dillali, a je Kunci da damina

Duk shekara idan bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, zafin birnin Kano kan haura digiri 40. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ɗaki ya koma tanda. A irin wannan lokaci ne mai ɗan hali kan fara tunanin ina ma yana da ɗan gida a bakin ruwa, inda zai kwashi iyali su sha iska kwana biyu su dawo.

Wanda ya yi wannan tunani a Kano ba ya bukatar zuwa teku. Jihar cike take da madatsun ruwa: Tiga da Bagauda a kudu, Challawa a yankin Ƙaraye, Watari a Bagwai, Tomas a wajen Ɗambatta, sai kuma Gari a yankin Kunci, ƙaramar hukumar da gwamnatin jiha ta sauya wa suna zuwa Ghari. Fili a karkara ya fi na birni araha nesa ba kusa ba, dillali kuma ba ya rasa bakin yabon kayansa.

Sha'awar hutu ba laifi ba ce, kuma mai kuɗi yana da ikon kashe halalinsa inda ya ga dama. Sai dai a wuri irin Kunci, gidan da za a gina a gaɓar ruwa a kulle shi wata goma sha ɗaya a shekara ciniki ne da ake yin asara biyu a cikinsa: mai saye ya yi, mutanen gari su yi.

Al'adar da aka aro

Gidan hutu na bakin tafki al'ada ce mai ƙarfi a arewacin Turai. A Finlan, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba, akwai irin waɗannan ƙananan gidaje kusan rabin miliyan. Abin ya yiwu a can saboda suna da tafkuna dubbai, daji mai yawa, mutane kaɗan. Lokacin hutunsu kuma ya dace da lokacin da yanayi ya fi daɗi, bayan dogon hunturu mai ƙanƙara.

A arewacin Kano lissafin a juye yake. Lokacin da mutum ya fi bukatar sanyin ruwa, wato bazara, shi ne lokacin da dam ya fi janyewa. Rana ta sha nata, masu noman rani sun ja nasu, sai gaɓar ta koma laka da busasshiyar ƙasa mai tsagewa. Gidan da aka gina a bakin ruwa a watan Oktoba yana iya wayar gari a Afrilu da tafiya mai nisa tsakaninsa da ruwan.

Dogon hutun makarantu kuwa, lokacin da yara ke gida, da damina yake zuwa. A nan ne dam ke cika, hanyar ƙauye ta caɓe, sauro ya yi yawa. Wato lokacin da ake son ruwan ba ya kusa, lokacin da yake kusa kuma zuwa wurin aiki ne.

Babu filin da ba shi da mai shi

Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna yadda jama'a suka yi yawa har kusan kowace gona ake noma ta duk shekara ba hutu, ana riƙe ta da taki. Daga lokacin zuwa yau mutane sun ninka, gonaki kuwa sai ƙara tsukewa suke yi saboda rabon gado.

A irin wannan ƙasa, wurin da baƙo zai kalla ya ce fili ne a banza, a wurin ɗan gari yana da suna da tarihi. Gaɓar dam ita ce ƙasa mafi daraja a yankin. Idan ruwa ya fara ja da baya, manoma na bin sa da shukar tumatir da albasa da tattasai. Masunta na jan kwalekwalensu a nan. Makiyaya na da burtalin da suke bi su kai shanu mashaya. Aikin noman rani na Gari, wanda ya haɗa manoman Kano da na Jigawa, da wannan ruwa ya dogara.

Katanga ɗaya da aka ja daga hanya har bakin ruwa tana iya toshe burtalin da aka gada kaka da kakanni. Shanun da aka tare wa hanya ba za su fasa shan ruwa ba, za su ratsa ta gonar wani ne. Rikicin manomi da makiyayi sau da yawa daga irin wannan yake tashi, wanda ya ja katangar kuwa yana can birni bai ma san ana yi ba.

Shi ma wanda ya sayar akwai abin dubawa a kansa. Manomi ba ya rabuwa da gonar bakin ruwa don daɗi. Yawanci aure ne ya taso, ko jinya, ko bashi. Kuɗin kan ƙare cikin shekara, gonar kuwa ta tafi ke nan, tare da noman ranin da ke riƙe samarin gidan kada su tafi cirani.

Takardar dagaci ba ta isa ba

A ƙauye an saba ciniki da shaidar mai unguwa da dagaci, a rubuta takarda, shaidu su sa hannu. Wannan yana da amfani, amma doka ba a nan ta tsaya ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe fili bisa al'ada, kuma sauya hannu yana bukatar amincewar hukuma. Dokar ta bai wa gwamna ikon soke izinin idan bukatar jama'a ta taso. Diyyar da ake biya kuwa ta gini ce da amfanin da ke kan filin, ban da ita ƙasar kanta.

Ga kuma matsalar da ta keɓanci dam. Lokacin da ake gina madatsar ruwa, gwamnati kan karɓe ƙasar da ruwan zai iya kaiwa idan ya cika maƙil. Shekaru na wucewa, a bar mutane su ci gaba da noma wurin da rani, har wani ya ɗauka nasa ne ya sa shi a kasuwa. Mai saye zai iya biyan kuɗin filin da tun kafin a haife shi yake cikin taswirar hukumar dam. Saboda haka kafin a ba da ko kafin alƙalami, sai an bincika a sakatariyar ƙaramar hukuma, da hukumar filaye ta jiha, da hukumar da ke kula da dam ɗin, ko ta jiha ce ko Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Sai batun gado. Gonar da ba a raba ba tana iya zama ta mutum goma, wasu na Legas, wasu mata ne da ke aure a wasu garuruwa. A mazhabar Malikiyya da ake bi a kotunan shari'a na Kano, abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya biya kuɗin ya karɓe kason da aka sayar wa bare. Wanda ya sayi irin wannan gona daga hannun ɗa guda, ya sayi zirga-zirgar kotu.

Wanda ya ɗauka bakin teku ya fi tabbas, ya tuna abin da ya faru a Legas a 2024, lokacin da aka rushe gine-ginen wurin shaƙatawa na Landmark don aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba. Idan babban kamfani mai lauyoyi bai tsira ba, mai ɗaki biyu a gaɓar dam ba shi da dalilin sakin jiki.

Ruwa ba ya manta hanyarsa

Kanawa sun ga abin da dam zai iya yi. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai ƙarfi, ta yi ɓarna mai yawa. A Satumban 2024 dam ɗin Alau ya fashe, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Ko ba a kai ga ɓallewa ba, shekara ɗaya mai yawan ruwa ta isa ta kai ambaliya inda dattawan gari suka san tana kaiwa, baƙo kuwa bai tambaya ba.

Haka kuma ba a manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya. Waɗannan 'yan gari ne da suka saba da ruwan. Yaran birni da ba su iya iyo ba, a gidan da ƙofarsa ke kallon dam, suna bukatar ido a kansu dare da rana, a wurin da babu masu ceto kuma asibiti yana da nisa.

Akwai kuma cutar da ba ta da hayaniya. Tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini, ana ɗaukar ta ne ta hanyar shiga ruwa mai kwanciya inda ƙananan dodon koɗi ke rayuwa, kuma sananniya ce a yankunan madatsun ruwa da noman rani na Kano. Wankan dam na rana ɗaya ya isa yaro ya ɗauko ta.

Lissafin kwana nawa

Ko an tsallake duk waɗannan, saura lissafi. A haɗa hutun Ƙaramar Sallah da na Babbar Sallah, a ƙara 'yan ƙarshen mako, da wuya ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya kwana talatin a gidan cikin kwana 365. Sallar ma a gaban iyaye da dangi ake yin ta.

Sauran kwanakin gidan ba zai daina cin kuɗi ba. Akwai albashin maigadi duk wata. Akwai sola da batir da famfon rijiyar burtsatse, waɗanda su ne kayan da ɓarawo ya fi so a gidan da babu kowa. Gara na cin katako, iskar farkon damina na kwashe kwano, damshi na cin bango. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ranar da aka matsu kuma, sayarwa ba ta da sauƙi. Fili a unguwar birni ana samun mai so cikin makonni. Gidan hutu a ƙauye ya fi ƙarfin aljihun mutanen wurin, manomin da zai so ƙasar kuma ba ginin yake so ba. Yanayin tsaro a garuruwan da ke kan iyakar Kano da Katsina shi ma abin sa wa a sikeli ne, domin keɓaɓɓen gida mai kyau da motoci ke zuwa jefi-jefi yana jan ido.

Gwamnati ma ta gwada wannan hanya da ƙarfinta. A zamanin Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975 kuma aka yi wasu daga cikin manyan madatsun jihar a lokacinsa, an yi tunanin haɗa dam da yawon buɗe ido, aka gina otal a bakin tafkin Bagauda. Yau Bagauda ta fi shahara da reshen makarantar horas da lauyoyi ta ƙasa. Abin da ya gagari baitulmalin jiha riƙewa a matsayin wurin hutu ya kamata ya sa mutum ɗaya ya yi tunani sau biyu.

Abin da ya fi

Wanda hutu kawai yake so, ya kai iyali yini guda, ko ya kama masauki na kwana biyu. Kuɗin maigadin shekara ɗaya ya isa tafiye-tafiye da dama, kuma bana a je wannan wuri, baɗi a je wancan.

Wanda zuciyarsa ta nace sai ya mallaki wuri, ya nemi abin da zai yi aiki duk shekara: lambun mangwaro da gwaiba, ko kiwo, ko kiwon kifi, a kan tudu, nesa da iyakar ruwa, da ɗaki ɗaya ko biyu na saukar iyali. Ya ɗauki 'yan gari aiki, ko ya ba su noma a raba amfani. Wurin da mutanen gari ke ci daga cikinsa su ne masu gadinsa. Ya kuma ga filin sau biyu kafin ya biya, sau ɗaya a Afrilu, sau ɗaya a ƙarshen Agusta. Ya zauna da dattawan unguwa ya tambaye su inda ruwa ya taɓa kaiwa da inda shanu ke bi.

Nauyi mafi girma yana kan hukuma. Ya kamata gwamnatin Kano da ƙananan hukumomin da ke da dam su kafa turaku a fili da ke nuna iyakar ruwa, su shata burtali da mashaya da wurin masunta a taswira, su hana gini a cikinsu komai girman mai ginin. Idan ana son wurin shaƙatawa, a ware yanki guda na kowa da kowa, mai masu ceto da rigunan kariya, kuɗin shiga kuma ya amfani garin. Hakimai da dagatai su ma su daina sa hannu a takardar gonar gado sai sun ga duk magada, mazansu da matansu.

Wannan aiki ya fi sauƙi yanzu, kafin katangu su jeru a gaɓar Gari. Idan aka bari sai an gina, abin da zai rage shi ne rusau da shari'a, manomin da ya sayar kuma ba zai dawo da gonarsa ba.