Ɓaraguzai cikin baƙin mai

Masu karatu, batunmu na wannan mako a kan tsohuwar Peugeot 504 ne, motar da ta fito a 1968, wadda har yau ake ganin ragowarta a garajojin Maraɗi da Damagaram. Wani lokaci garin bidanji sai guntayen abubuwa su biyo baƙin mai. Wasu makanikai watsar da su suke yi, su ɗura sabon mai, su amshi kuɗinsu. Wannan ganganci ne da dukiyar mutane.

Kamata ya yi a wanke guntayen da isansi, a kawo mayen ƙarfe. Wanda ya manne, in siriri ne mai ɗan lanƙwasa, zoben pistan ne ya karye. Fari maras nauyi da ya ƙi mannewa alminiyon ne, galibi daga gindin pistan. Baƙar roba kuwa ta abin da ke ɗame sarƙar injin ce.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne ɗan gari mai ƙyalli, launin jan ƙarfe. Kusine ne ya cinye. Mai motar da ya ga wannan, ya kashe injin nan take, a kwance kartar, a duba rariyar pompon mai, kafin biyel ta fasa injin a tsakiyar hanyar Tawa.