Himmar da Ke Saura Bayan Zuciya Ta Yi Sanyi

Tun da wayar hannu ta shiga kowane zaure da kowace majalisa, har ya zamana saurayi a Diggi ko Kalgo yana iya sauraron mai jawabi daga Legas ko Amurka alhali yana zaune a ƙofar gidan ubansa, an sami wani sabon wa'azi wanda ba daga bakin malamai ya fito ba, wanda ake kwarara wa samarinmu dare da rana, cewa arzikin mutum yana cikin tunaninsa, kuma duk wanda ya ƙudurta abu da ƙarfi, ya riƙa gaya wa kansa kowace safiya cewa shi babba ne, lalle duniya za ta rusuna masa. Ba zan ce maganar ba ta da ƙamshin gaskiya ba, domin magabata sun riga sun ce himma ba ta ga raggo. Amma abin da nake gani shi ne, masu wannan wa'azi suna sayar wa yara zafin zuciya da sunan himma, shi kuwa zafin zuciya wutar kara ce, tana tashi da ruri har na nesa ya hango, kafin a ɗora tukunya ta zama toka. Himmar da take kai mutum ga buƙata ita ce wadda take saura a hannunsa ranar da zuciyarsa ta yi sanyi, ranar da ya duba aikin da ya ba wa ƙuruciyarsa ya ga kamar bai tsinana kome ba, amma duk da haka ya tashi da asuba ya koma kansa.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ba mu da uzurin zuwa aron misali daga nesa, domin mutumin da ya fi kowa bayyana wannan al'amari a rayuwarsa yana kwance a cikin garin Gwandu, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda. Kowa ya san shi da malanta da jarunta. An san shi ne ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, an san shi ne ya ja rundunar da ta ci Birnin Kabi a 1805, shekarar da jama'ar yayansa Shehu ta sauka Gwandu. Abin da ba a cika faɗa wa yara ba, ko da yake shi da kansa bai ɓoye shi a rubuce-rubucensa ba, shi ne cewa akwai lokacin da wannan babban bawan Allah ya gaji, ya yanke ƙauna daga abin da ya sa hannu ya gina. Bayan wahalar Tsuntsuwa da ta Alwasa, inda malamai da mahaddata da abokan karatunsa masu yawa suka yi shahada, sai ya waiga ya ga waɗanda suka cika sahu ba irin na farko ba ne, ya ga son ganima da son sarauta da tara dawaki da tufafi sun fara cin zukatan mutanen da suka fito domin tsayar da Sunna. Abin ya yi masa nauyi ƙwarai, har wajen 1807 ya bar rundunar da ta nufi Alƙalawa, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba tare da nufin komowa ba.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan kaɗan, domin a nan darasin yake. Wanda ya juya baya ɗin nan ƙanen Shehu ne kuma wazirinsa, mutumin da ya sha ilmi a hannun yayansa da hannun Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya yi shekaru masu yawa yana bin Shehu yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi. Idan irin wannan mutum zai iya wayar gari ya ji zuciyarsa ta fita daga aikinsa, ashe ke nan sanyin jiki ba alamar lalacewa ba ne, kuma ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, ko manomin da ruwa ya cinye masa gona, ko ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, bai kamata ya ɗauka cewa shi kaɗai aka halitta da rauni ba. Masu wa'azin waya ba sa gaya wa yara wannan. Suna nuna musu cewa mai nasara kullum fuskarsa a sake take, kullum zuciyarsa tana tafasa, saboda haka ranar da yaro ya ji kasala sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba ya cikin waɗanda aka zaɓa.

To, me ya komo da Malam Abdullahi? Da ya isa Kano, jama'ar garin suka tare shi, suka nuna masa cewa suna cikin buƙatar wanda zai koya musu yadda ake tafiyar da mulki da shari'a, gama sun karɓi ƙasa amma ilmin riƙonta bai wadace su ba. Sai ya zauna, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma wallafa musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya zama madogara ga sarakuna da alƙalai na daular Shehu shekaru masu yawa bayansa. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma wurin Shehu. Lura da cewa duniyar da ya gudu daga gare ta ba ta gyaru ba kafin ya komo, masu son ganima suna nan yadda ya bar su. Abin da ya sauya shi ne ya sami aikin da ya iya, a gaban mutanen da suke buƙatarsa, ya sa hannu ya yi, kuma a cikin yin aikin ne zuciyar ta dawo. Wannan tartibi shi ne nake so samarinmu su riƙe: aiki ne yake jawo zuciya, ba a zama jiran zuciya ta zo ta jawo aiki.

Jarrabawa ta biyu ta sami Malam Abdullahi a 1817, sa'ad da Shehu ya rasu aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, alhali mutane da yawa, har da shi kansa, suna ganin shi ne mafi cancanta ta wajen shekaru da ilmi. An yi 'yan shekaru akwai sanyi tsakanin baffa da ɗan, har ranar da Bello ya kawo masa gudunmawa a Kalambaina, inda Malam Abdullahi ya sallama masa, aka gyara zumunci. Wanda himmarsa take rataye da muƙami, ranar da muƙamin ya kuɓuce masa ranar take mutuwa. Shi kuwa Malam Abdullahi sai ya miƙa yawancin hidimar mulki ga ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Buhari, ya duƙufa ga karantarwa da talifi har Allah ya karɓi ransa a 1829. Mutumin da ya bar mana Liya'ut Tawili a tafsiri, da Bahrul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, da Tazyinul Waraƙati, ya rubuta su ne a cikin rayuwar da ta cika da yaƙi da hijira da yunwa da ɓacin rai, a zamanin da takarda take zuwa a bayan raƙumi ta hamada, tawada kuwa sai an dafa.

Wani zai ce, ai wannan waliyyi ne, mu kuwa talakawa ne masu neman abin sawa a baki. Na ji, amma ku dubi fadamun Gulbin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kabi zuwa ƙasar Kalgo da Bunza, za ku ga wannan hali a jikin mutanen da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kabi, a daidai lokacin da ido ya fara ganin amfani, mutane suka tsaya a bakin ruwa suna kallon guminsu na watanni ya nutse. Da ruwan ya janye, waɗansu sun tattara sun tafi ci-rani, kuma ba na zarginsu. Amma waɗansu sun nemo iri, suka raine shi, suka gyara injin ban-ruwa, suka shiga dashen rani da bashi a wuyansu da ɗaci a bakinsu. Haka kuma bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sa'ad da kuɗin shayar da gona ya ninka har ya kai ga mutum yana lissafin kowace kwalbar mai kafin ya tayar da inji, an sami waɗanda suka rage faɗin gonar amma ba su bar noman ba. Ban yi zaton akwai ɗaya daga cikinsu da ya shiga taɓo yana murna ba. Sun shiga ne domin akwai iyali, domin sana'ar da suka iya ke nan, domin kuma sun san tawakkali na gaskiya yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi, kamar yadda Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiryar da Balaraben ƙauye.

Sai dai wajibi ne in faɗi wata magana, domin kada masu iko su ɗauki wannan rubutu su mai da shi sandar dukan talaka. Himma ba ta sayen buhun taki, ba ta gina madatsar ruwa, ba ta kuma gyara hanyar da za a fitar da shinkafa zuwa kasuwa. Duk shugaban da ya tsaya a gaban manomin da ambaliya ta talauta ya ce masa ya ƙara ƙoƙari, alhali shi bai sauke nasa nauyin ba, ya zalunce shi sau biyu, kuma littafin da Malam Abdullahi ya rubuta a Kano a kan wuyan irin wannan shugaba yake, gama masu hukunci aka rubuta wa shi. Amma adalci ya sa in juyo kanmu. A watan Nuwamba na 2015, a nan Kabi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance, kuma kowa ya ga yadda noman rani ya bunƙasa, har a 2016 aka fara sayar da shinkafar Kabi a Legas da sunan Lake Rice. Kowa kuma ya san cewa bashi mai yawa bai koma ba. Akwai waɗanda bala'i ya hana su biya, waɗannan suna da uzuri a wurin Allah da wurin mutane. Akwai kuma waɗanda suka karɓa da niyyar ba za su biya ba tun ranar farko, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, har waɗansu suka sayar da takin a kasuwa. Waɗannan ba zafin nema suka rasa ba, gama sun yi sammakon layi fiye da kowa. Amana suka rasa, kuma himmar da babu amana a cikinta ita ce ta rufe ƙofar rance ga ƙannensu masu son yin noma da gaske.

Saura 'ya'yanmu 'yan boko, waɗanda su ne suka fi shan wannan wa'azi na waya. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi a 2013, wadda take zaune a ƙasar Kalgo, ga kuma Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar Aliero, yaron Diggi ba ya buƙatar tafiya Sakkwato ko Zariya kafin ya sami digiri, kuma wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya. Abin da yake damuna shi ne abin da yake biyo bayan digirin. Yaro ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya komo gida, ya zauna shekara biyu ko uku yana jiran takardar ɗaukar aiki, yana sauraron masu cewa ya yi babban buri, yana kuma jin kunyar a gan shi a fadamar ubansa ko a shagon ɗinki ko a kan kabu-kabu, domin a ganinsa wannan zubar da darajar ilminsa ne. Babban buri ba laifi ba ne, malamai ma suna yabon ɗaukakar himma. Amma Malam Abdullahi Makka ya nufa, babu kuwa burin da ya fi wannan girma, duk da haka da ya tarar da aiki a Kano bai ce ya fi ƙarfin aikin ba. Wanda ya karanta aikin gona a jami'a, ya san abin da ƙasa take buƙata da lokacin da ya dace a zuba taki, idan ya shiga gonar ubansa ya rubuta abin da aka kashe da abin da aka girbe, ya gwada iri biyu a kuyya biyu, ya kwatanta, to a cikin shekara guda zai san abin da zaman majalisa na shekara uku ba zai koya masa ba, kuma maƙwabta za su fara zuwa tambayarsa.

A nan nake ganin nauyin ya hau kan iyaye da malaman zaure da limaman Juma'a. Mun iya yi wa yara faɗa a kan lalaci, amma ba mu cika gaya musu cewa manyan da suke girmamawa sun taɓa karaya ba, saboda muna tsoron kada girman ya ragu a idonsu. Uba ya zaunar da ɗansa ya ba shi labarin shekarar da shi kansa ya yi asara, da wanda ya ranta masa iri, da watannin da ya ɗauka kafin ya biya. Malamin da yake karantar da littattafan Malam Abdullahi ya tsaya ya faɗa wa almajirai halin da mawallafin yake ciki sa'ad da ya rubuta su. Wanda kuma Allah ya hore wa gona fiye da ƙarfinsa a Diggi, ya yanka wa ɗan ƙanensa da ya gama makaranta wani yanki tun kafin lokacin zuba iri, ya ara masa inji, su yi yarjejeniya a gaban shaidu kan abin da zai mayar bayan girbi, sa'an nan ya bar shi ya yi noman da kansa.