Ku Bar Su Da Saƙarsu

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiya na watan jiya a Kiru wani dattijo ya yi ƙorafi, wai mata suna saƙa ana cikin magana, a hana su. Mu dai ba mu goyi bayansa ba.

Mai saƙa kunnenta yana wurin magana. Da aka zo lissafin kuɗin taki, ɗaya daga cikinsu ce ta gyara wa ma'aji kuskure, zare na hannunta. Kuma kowa ya san sanyin Disamba da Janairu a ƙasar nan ba ya raga wa jariri. Safa da hular ulu da uwa ta saƙa su ke kare shi. In ta yi rara ta aika kasuwar Kwanar Dangora, ta sami na sabulu da littafin yaro.

Mu maza fa? Da an gama girbi sai dara a gindin ɗorawa, samari kuwa sai gidan kallon ƙwallo, har da biyan kuɗin shiga. Ba mu ce a daina ba, wanda ya sha rana a gona ya cancanci hutu. Amma ba mu taɓa ji an kawo ƙarar dara gaban taro ba.