Fuskar Waya Da Kasuwar Shanu Ta Potiskum

Duk wanda ya taɓa leƙa gaban babbar mota, irin waɗanda Potiskum ta yi suna da su, ya san abin da ke gaban direba bai taka kara ya karya ba: gejin mai, agogon gudu, na zafin inji, sai 'yan fitilu da ke kamawa in wani abu ya ɓaci. Maƙeran mota sun san mai tuƙi ba shi da sukunin karatu, kallo ɗaya zai yi ya mai da ido kan hanya. Wannan hikima ce har yanzu ta gagari da yawa daga masu tsara manhajojin kuɗi na waya.

Ba a gane nauyin al'amarin ba sai da Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwa, ran 26 ga Oktoba, 2022, cewa zai sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. A farkon 2023 kuwa, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ke ci ran Laraba, kuma ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ta wayi gari ciniki ya koma cikin waya, ko an so ko ba a so.

To, me dillali ke nema a fuskar wayar nan? Abu uku ne tak: kuɗin sun shiga, nawa ne, kuma daga hannun wa. Amma sai ya buɗe ya tarar da tallan rance, da sayen kati, da biyan kuɗin wuta, duk da Turanci, cikin ƙananan baƙaƙe da ba su ganuwa a tsakar rana. Ga mai saye yana gaggawa, ga mota ana lodi za ta Kudu. A irin wannan ruɗani ne mazambata ke shigo da alat na bogi, a kora sa a tafi, mai shi yana kallon saƙon da babu ko kwabo a bayansa. Makiyayin da ya shekara huɗu yana kiwon bijimi ba ya cancanci ya rasa shi saboda wani mai zane a Ikko ya fi son ado.

Ba sabon ilmi ba ne. M-Pesa, da aka fara a Kenya a 2007, ta bunƙasa ne da ɗan gajeren jerin zaɓi a kan ƙaramar waya. Ko eNaira, da aka ƙaddamar a Oktoba 2021 a matsayin manhajar babbar waya, sai da aka ƙara mata lambar *997# a 2022 don masu ƙananan wayoyi.

Sai dai sauƙaƙawa ba ɓoyewa ba ce. In za a share tarkace, kada a haɗa da ladan da banki ke cira, gama wannan shi ne abin da ya kamata a gani tun kafin a danna. Sunan mai karɓa ya fito da manyan baƙaƙe, a raba dubu da miliyan yadda sifili ɗaya ba zai kuɓuce ba, a sa Hausa, a sa murya mai faɗin adadi saboda wanda ajami ya iya. Kafin a saki sabon tsari kuwa, a kawo shi kara ran Laraba, a miƙa wa dillali mai riƙe da igiya a hannu ɗaya, a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya tabbata an biya shi.